Kimiyya da Zaman Duniya: Ƙafa da Cututtukanta

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan ƙafa ya ke, da irin cututtukan da su kan same ta, da yadda a ke warkar da su, da kuma dabarun tsare kai daga gare su.

A cikin gaɓoɓin ɗan Adam da wuya a sami wadda ta ke shan wahala kamar ƙafa, da wuya kuma a sami wadda a ke yi wa rikon sakainar kashi kamarta. Mutum ya kan dubi fuskarsa a madubi sau da yawa a yini, amma sai ya yi wata guda bai ɗaga tafin ƙafarsa ya duba ba. Alhali kuwa masana ilmin jiki sun ƙidaya ƙasusuwa 26 a kowace ƙafa, da mahaɗai 33, da tsokoki da jijiyoyi masu ɗaure su fiye da 100. Ƙafafun nan biyu ke nan suna ɗauke da ƙasusuwa 52 daga cikin 206 na jikin babban mutum, watau kashi ɗaya cikin huɗu. An jera ƙasusuwan nan ne kamar bakan gizo, domin tafin ƙafa ya riƙa lotsawa yana komowa a kowane taki. In mutum yana gudu, nauyin da ke sauka a kan ƙafa ɗaya ya kan kai ninki biyu ko uku na nauyin jikinsa duka.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, mafi yawan cututtukan ƙafa da ƙaramin abu su kan soma, ɗan tsaguwa, ko ƙaya, ko takalmin da ya matse. Hakin da aka raina kuwa shi kan tsone ido.

A fara da abin da kowa ya sani, watau kaushi da faso. Fatar tafin ƙafa ta fi ta sauran jiki kauri, kuma ba ta da 'yan kafofin nan masu fid da maiƙo waɗanda ke tausasa fatar fuska da ta hannu ta baya. Gumi kaɗai ta ke fitarwa. Saboda haka da iska ta bushe, kamar lokacin hunturu a Zindar ko Marwa ko Tamale, ko kuwa cikin ɗakunan Ingila da Amurka waɗanda a ke ɗumamawa da na'ura, sai fatar dunduniya ta ƙeƙashe. In aka taka, dunduniya ta kan baje gefe da gefe saboda nauyi, busasshiyar fata kuwa ba ta miƙewa, sai ta dare. Shi ne faso. Takalmin da ba shi da marfin baya, da tsayuwa mai tsawo, da ƙiba, duk suna ƙara shi.

Maganinsa ba shi da tsada. Da dare a jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi kamar minti 10, a goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, a tsane, sa'an nan a shafa man kaɗanya ko basilin tun fatar tana da laima, a sa safa a kwanta. A kantunan magani akwai man shafawa mai sinadarin yuriya wanda ya ke narkar da kaushi mai kauri. Abin da likitoci su ke hani da shi shi ne a sa reza ko aska a fere kaushi, gama hannu ya kan zarce ya kai ga nama. Faso mai zurfi kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kamar yadda bushewa ta ke ɓata ƙafa, haka kuma laima. Wannan ciwo da a ke kira cin ruwa, wanda ya kan sa tsakanin yatsu ya yi fari, ya saɓule, ya yi ƙaiƙayi da wari, ruwa ba shi ne ainihin mai kawo shi ba. Wata irin funfuna ce mai rai, dangin wadda ke kawo makero, tana cin matacciyar fata, tana kuma son wuri mai ɗumi da laima da duhu. Shi ya sa ya fi kama manoman fadama, da mata masu yawan wanki, da mazauna bakin teku kamar Ankara da Duwala, da ma'aikatan da su ke yini cikin takalmi sau-ciki. A kan ɗauke shi a jiƙaƙƙen daɓen makewayi, da wuraren alwala na jama'a, da silifa ko tawul ɗin da a ke aro.

Mai alwala sau biyar a yini ya riga ya sami rabin kariya, domin yana wanke ƙafa yana tsettsefe yatsu. Sauran rabin shi ne tsanewa. In ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa da takalmi, ya gina wa funfuna gida ke nan. Sai a tsane tsakanin yatsu da ƙyalle mai tsabta, a sauya safa kullum, kuma mai hali ya sami takalma biyu ya riƙa hutar da ɗaya ya sha iska. In ciwon ya riga ya kama, akwai man shafawa irin su kulotirimazol da tabinafin. A kan shafa na farkon har mako huɗu, na biyun kuwa mako ɗaya ko biyu. Kuskuren da a kan yi shi ne a daina shafawa da zarar ƙaiƙayi ya lafa, sai kuwa ciwon ya komo. In funfunar ta shiga farce, ya yi kauri ya sauya launi, to shafawa ba ta cika isa ba, sai likita ya ba da ƙwayoyin sha na watanni.

Daga nan sai maganar takalmi, wanda shi ne garkuwar ƙafa in ya yi daidai, in kuwa bai yi ba shi ne abokin gabanta. Duk inda takalmi ya ke gugar fata da ƙarfi cikin ɗan lokaci, sai bororo ya tashi. In gugar ta daɗe a hankali, sai fata ta kare kanta ta yi kanta mai tauri. Bororo ba a fasa shi in ba dole ba, gama fatar da ta rufe shi ita ce bandejinsa. Kanta kuwa ko an goge ta za ta komo muddin ba a sauya takalmin da ya kawo ta ba. Takalmi mai tsinin baki da mai dogon dunduniya su kan tura yatsu su cushe wuri guda, kuma ga wanda ya gaji halin daga iyaye su kan tsananta karkacewar babban yatsa, har gindinsa ya yi ƙululu. Ƙa'idar sayen takalmi ita ce a gwada shi da yamma, domin ƙafa ta kan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini, a gwada ƙafa biyun duka a tsaye, a bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin. Iyaye kuma su riƙa duba takalman yara, gama ƙafar yaro tana girma ba ta jiran takalmi ya tsufa.

Farce ma yana da ƙa'idarsa. In an yanke shi ƙwarai, ko an rarake kusurwoyinsa, sai ya tsiro ya nutse cikin nama, musamman a babban yatsa, wurin ya kumbura ya tara mugunya. A yanke farcen ƙafa a miƙe, a bar bakinsa daidai da kan yatsa, a goge kaifin kusurwa kaɗan. Wanda ya ke miƙa ƙafarsa ga masu yankan farce na kasuwa, ya kamata ya tafi da almakashinsa ko sabuwar rezarsa, domin ƙarfen da ya taɓa jinin wani yana iya ɗauko ciwon hanta.

Akwai kuma wani ciwon dunduniya da ya kan dami masu tsayuwa da yawa, kamar 'yan kasuwa da masu gadi da ma'aikatan asibiti. Alamarsa ita ce, in mutum ya sauko daga gado da asuba, takin farko sai ya ji kamar ya taka ƙusa, in ya ɗan yi tafiya sai ya lafa. Dalili shi ne akwai wata faffaɗar jijiya mai kamar ɗamara wadda ta tashi daga dunduniya ta kai gindin yatsu, ita ce ta gaji ta sami rauni. Mafi yawan masu wannan ciwo su kan warke cikin watanni ba tare da aikin tiyata ba, in sun sa takalmi mai taushin ciki, sun rage nauyin jiki, sun kuma riƙa miƙe agara da sha-raɓa safe da yamma, watau a dafa bango a tura ƙafa ɗaya baya, dunduniya tana ƙasa, a riƙe kamar rabin minti.

To, duk da laifofin takalmi, tafiya ba takalmi ta fi haɗari, domin ƙasa tana ɗauke da abokan gaba da ido ba ya gani. Na farko shi ne ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, wadda ta ke zaune cikin turɓaya da kashin dabbobi, tana shiga ta hujin ƙusa ko ƙaya. Wanda ya taka ƙusa ya wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ya nufi asibiti a ranar don a duba ko yana bukatar allurar rigakafi. Kada a cusa ƙasa ko toka ko kashin shanu a rauni. Na biyu wata tsutsa ce ƙarama wadda 'ya'yanta su ke ƙyanƙyashewa a ƙasa mai laima inda aka yi bayan gida a fili. Su kan huda fatar ƙafa, su bi jini zuwa huhu, daga nan su gangara hanji su maƙale suna tsotsar jini, har yaro ya ɗashe ya rasa kuzari. Maganin tsutsa irin su albendazol yana kashe ta, amma masai da takalmi su ne ke hana ta komowa. Na uku ita ce jiga, wani ɗan ƙuma mai shiga ƙarƙashin farce ya kumbura da ƙwai. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, jiragen ruwa su ka kawo ta gaɓar Afirka a ƙarni na 19. Tono ta da ƙaya ko allura mara tsabta ya kan jawo ruɓa, gara a je ma'aikacin lafiya ya cire ta ko ya ɗiga mata magani.

Mazauna Sudan, musamman manoma da makiyaya na yankin Jazira da Sinnar, sun san wata cuta da likitoci ke kira maisetoma. Ƙwayarta tana shiga ne ta sukar ƙaya, ta yi ɗan kumburi mara zafi wanda ya ke girma a hankali shekara da shekaru, daga baya ya huhhuje yana fid da ruwa mai 'yan tsaba-tsaba, har ya ci ƙashi. Rashin zafin nan shi ke sa a makara, har ta kai ga yanke ƙafa. A 1991 aka kafa cibiyar binciken wannan cuta a Jami'ar Hartum, a 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda aka yi sakaci da su. Duk kumburin ƙafa da ya ƙi tafiya, ko da ba ya ciwo, a kai shi ga likita.

Dattawa za su tuna da kurkunu, wanda ya kan kwantar da manomi a tsakiyar damina. Shi kam ta ruwan sha ya ke shiga, bayan kamar shekara guda ya ɓullo a ƙafa. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne su ka kamu da shi a duniya. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu, mafi yawansu a Chadi. An tabbatar da rabuwar Nijeriya da Nijar da shi a 2013, Gana kuwa a 2015. Ba a sami wannan nasara da allura ko ƙwaya ba, gama har yanzu ba shi da su. Da tace ruwa aka same ta, da haƙa rijiyoyi, da hana mai kurkunu tsoma ƙafa cikin tafki.

Yanzu sai maganar da ta fi duka nauyi, watau ƙafar da ta daina jin ciwo. Shekaru aru-aru mutane sun ɗauka kuturta ce da kanta ta ke cinye yatsu. Wani likita Bature mai suna Paul Brand, wanda ya soma aiki a garin Vellore na ƙasar Indiya a 1946, shi ya nuna yadda al'amarin ya ke. Cutar tana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ne zuwa ƙwaƙwalwa. Mai lafiya in tsakuwa ta shiga takalminsa, nan da nan zai tsaya ya fitar, in ya yi bororo zai ɗingisa har ya warke. Wanda jijiyarsa ta mutu kuwa sai ya yini yana taka raunin, gobe ma haka, har ya zama gyambo, ƙwayoyin cuta su kai ga ƙashi. Da Brand ya sa aka riƙa ɗinka wa majinyata takalma masu taushi, aka koya musu duba ƙafafunsu kullum, sai yatsu su ka daina salwanta. Ita kuturta yanzu tana warkewa sarai da haɗin magunguna na wata 6 zuwa 12, waɗanda a ke bayarwa kyauta tun 1995. A 1966 Brand ya koma asibitin kutare na Carville a Amurka, a can kuma darasinsa ya amfani waɗansu majinyata da su ka fi kutare yawa nesa ba kusa ba, su ne masu ciwon sukari.

A ƙiyasin 2021, manya miliyan 537 ne ke da ciwon sukari a duniya, da yawansu kuwa ba su san suna da shi ba. In sukari ya daɗe da yawa cikin jini, ya kan yi wa ƙafa ɓarna iri biyu. Yana lalata jijiyoyin ji, tun daga kan yatsu, mutum ya riƙa jin kamar tafiyar kiyashi, ko raɗaɗi da dare, ko kamar yana taka auduga, daga baya ya daina jin kome. Yana kuma ƙuntata hanyoyin jini, har rauni ya rasa abin da zai warke da shi, shan taba kuwa yana ƙara wannan ƙunci. Mafi yawan ƙafafun da a ke yankewa saboda ciwon sukari da ɗan gyambo su ka fara. Faso da cin ruwa da kanta da aka ambata ɗazu, waɗanda ga mai lafiya 'yar damuwa ce, ga mai sukari suna iya zama mafarin rasa ƙafa.

Akwai gwaji mai sauƙi da likitocin asibitin Ipswich a Ingila su ka tsara, wanda a ke iya yi a gida. Mai ciwon ya kwanta ya rufe ido, wani ya ɗora kan yatsansa a hankali, ba dannawa, a kan babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin yatsa na kowace ƙafa, shi kuwa ya riƙa faɗa in ya ji. In ya kasa jin biyu ko fiye daga cikin shidan, to ji ya ragu, sai a gaya wa likita. A Ingila a kan duba ƙafafun kowane mai sukari sau ɗaya a shekara a asibitin gwamnati, bai kamata mazauna can su bar wannan dama ta wuce su ba.

Tun da ciwo ya daina yi masa gadi, dole ido ya karɓi aikin. Mai sukari ya dubi ƙafarsa kowace rana, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, in ba ya iya sunkuyawa ya sa madubi, ko ɗansa ko matarsa su duba masa. Ya zura hannu cikin takalmi ya kakkaɓe kafin ya sa. Kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Ya gwada zafin ruwa da gwiwar hannu kafin ya tsoma ƙafa, kada ya daɗe yana jiƙa ta, kada kuma ya miƙa ta kusa da kaskon wuta ko na'urar ɗumama ɗaki. Ya shafa mai a dunduniya da bayan ƙafa, amma ban da tsakanin yatsu. Kada ya fere kanta da kansa, ko ya liƙa mata filastar nan mai cin fata. Sama da duka ya riƙe maganinsa da ƙa'idar abincinsa, domin sukarin ya zauna daidai.

Maniyyata aikin Hajji da mazauna Makka da Madina suna da nasu gargaɗin. Ɗawafi da sa'ayi da jifa tafiya ce ta kilomitoci, sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3. A Hajjin 2024 zafi ya wuce digiri 50 a Makka. Alhaji ya kan fito daga masallaci ya tarar takalminsa ya ɓace cikin taro, sai ya ce bari ya taka zuwa masauki haka nan. Mai lafiya zafin kwalta zai kore shi zuwa inuwa, mai sukari kuwa sai ya isa masauki ya ga tafin ƙafarsa ya saɓule. Dabara ita ce a sa takalmi cikin 'yar jaka a rataya, a kuma tafi da wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, gama sabon takalmi shi ke kawo bororo.

A ƙarshe, ga alamun da ba a kwana da su a gida, ko mutum yana da sukari ko ba shi da shi. In ƙafa ta kumbura ta yi zafi da sheƙi, ko rauni yana fid da mugunya da wari, ko kaluluwa ta fito tare da zazzaɓi, ko yatsa ya yi sanyi ya soma baƙi, to a nufi asibiti a ranar. Haka kuma raunin da ya yi mako biyu bai kama hanyar warkewa ba. Ga mai sukari kuwa, kowane rauni a ƙafa, kome ƙanƙantarsa, a nuna wa ma'aikacin lafiya cikin kwana ɗaya, kada a tsaya gwada saiwa da garin magani tukuna. Kuɗin sabulu da man kaɗanya da takalmi mai kyau ba su kai ko kusa da kuɗin jinyar gyambo na wata guda ba, balle asarar noma ko kasuwa da mai gida zai yi yana kwance.

Iyakar jawabin wannan mako ke nan. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu ita. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai rai, a huta lafiya.